Abin da Ya Sa Kawunku Ke Tura Baron Ƙwai Ranar Alhamis

Wa ya aike ku da wannan tambayar? Ke ce ko, mai bakin nan kamar reza? Yaro ya ga kawunsa, ƙanen uwarsa, yana tura baro da sassafe, maimakon ya ce sannu Kawu, sai ya zo ya tsare tsohuwa da me ya sa, me ya sa. Me ya sa mutanen titi ke ce masa Da-Kanta, me ya sa yake sunkuyar da kai. A zamaninmu wanda ya yi irin wannan tambayar kunnensa ne ke ba shi amsa. To tunda kun tono, ku zauna ku ji, don kada wani cikinku ya tashi da irin kansa. Kai, sauke ƙafarka daga kan kiret ɗin nan, ba kujerar ubanka ba ce.

Ni dai kun san ni. Ban taɓa zama a aji ba, ban san alif ɗin boko ba, amma shekara goma sha tara ina kiwon kaji, kuma ba a taɓa cutata ƙwai ɗaya ba. Lambar wayata tana rubuce da jan fenti a ƙofar gida da jikin kowane kiret. Babban mai sayena shi ne mai gidan burodi na bayan tasha. Duk Laraba da yamma yakan kira ya ce, "Inna, kiret talatin," Alhamis da safe motarsa ta zo ta kwashe. Wannan cinikin shi ke sayen abincin kaji, shi ke ciyar da gidan nan. Shi kuma mutum ne da ba ya jira. Ya taɓa gaya mini, "Inna, ƙullu ba ya jiran kowa. Ran da na kira ban same ki ba, wani wurin zan nufa."

Layina irin na wata-wata ne. Duk ƙarshen wata sai in ɗauki gwangwanin da nake tara rasit, in hau mota, in je ofishin kamfanin waya, in bi layi, in biya, a buga mini hatimi, in dawo. Shekara da shekaru ba a taɓa yanke mini ko na minti ɗaya ba.

Sai Auta, kawun naku, ya samu aiki a wani shagon sayar da kujerun ofis. Aikinsa ya rubuta kujera nawa ta shigo, nawa ta fita. Amma ku ga yadda yake fita da safe, da wannan igiyar da 'yan ofis ke ɗaura wa wuyansu kamar akuyar da za a kai kasuwa, sai ku ce shi ya haifi mai shagon. Da aka yi masa albashin farko banki suka ba shi kati. Shi ke nan, duniya ta yi masa kaɗan.

Wata rana ina ɗaura mayafi zan tafi biyan kuɗin waya, ya tare ƙofa.

"Inna, ina zuwa da wannan gwangwani kamar mai bara?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ofishin waya za ni."

Ya yi wata dariya ta cikin hanci. "Haba Inna. Wa ke bin layi yanzu? Kina zubar mini da mutunci a gari. Ki ba ni lambarki in ɗaura ta a katina. Duk ƙarshen wata waya za ta biya kanta da kanta. Kina barci, tana biya. Kina ba kaji ruwa, tana biya."

Na ce, "Wa zai buga mini hatimi?"

"Babu hatimi. Komai a iska yake."

"Abin da ke iska ai iska ke ɗauke shi. Zuwa da kai ya fi saƙo."

Ya dafa ƙirji. "Inna, ni ne fa. In layinki ya yi ko tari, ki canza mini suna."

Kun ji da bakinsa ya faɗa. Ni kuwa a lokacin gwiwata tana damuna, hawa motar nan wahala ne, shi ya sa na sakar masa. Wannan ne kuskurena guda a cikin labarin, kuma na amsa shi. Kada in ji wani ya maimaita a waje.

Da layina kaɗai ya tsaya da sauƙi. Ina! Ya ɗaura nasa, ya ɗaura na matarsa. Ya je bencin mai aski, inda mazan titin nan ke zama suna gyara duniya da baki, ya yi ta wa'azi har mai aski ya miƙa nasa. Tela na kusa da shi ya yi gardama kwana biyu, shi ma ya miƙa. Layi biyar a kati ɗaya. Kowa ya ba shi kuɗin watansa a hannu, shi ya zuba a banki, sauran kuma, in ji shi, aikin ilimi ne.

Wata na farko ta biya. Wata na biyu ta biya. Wayyo, ku zo ku ga tafiya! Mutum ya daina gaisuwa da baki, sai ɗaga yatsa biyu. Ya wuce ta gaban ofishin waya a mota ya leƙo ta taga yana ce wa masu bin layi, "Allah ya yaye muku!" Komai aka yi sai ya ce ai da kanta ya kamata ta yi. Matarsa na wanki, ya ce wata rana rigar za ta wanke kanta da kanta. Ta ce Allah ya nuna mata ranar, ta miƙa masa sabulu, ya ce yana da taro.

Ganga in ta cika zaƙi kun san abin da ke biyo baya. A wata na uku banki suka ce masa akwai sabon kati, baƙi mai sheƙi, na manyan mutane. Ya karɓo. Ranar Asabar ya tara jama'a a bencin mai aski, ya ɗaga sabon sama yana juya shi a rana. Sannan ya fito da tsohon, ya shiga shagon tela ba sallama, ya ɗauko babban almakashinsa na yankan yadi.

Tela ya biyo shi da gudu. "Kai, kai! Wannan almakashin ko zare mai kauri ba na yanka da shi!"

"Kwantar da hankalinka, Malam Tela. Tarihi za ka gani."

Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Ya yanka tsohon katin gida huɗu, ya watsa a kwata, ya ce haka wayayyu ke yi don kada ɓarawo ya tsinta. Almakashin tela tun daga ranar yake tauna yadi. Abin da bai faɗo wa mai ilimin a rai ba shi ne duk layukan nan biyar a jikin wancan katin da ke kwance a kwata suke ɗaure.

Ƙarshen wata wayata ta yi ƙara. Na ga rubutu, na kira shi.

"Auta, me suka ce?"

Ya duba, ya ce, "Godiya suke yi, Inna. Sun ce ke kwastoma ce ta gari."

"Shekara goma sha tara ba su gode mini ba sai yau?"

"Ai saboda ni ne."

Ban yarda ba. Na san fuskar Auta in ya yi ɓarna tun yana rarrafe, hancinsa ke buɗewa. Na ɗauki wayar na kai wa mai aski, don shi yana karatu. Ya ajiye injinsa ya ce, "Inna, ni ma irin shi aka turo mini. Cewa suka yi sun nemi kuɗi a kati, kati ya ƙi. In ba a gyara ba cikin kwana bakwai za su rufe layi."

Da yamma muka tsare shi, ni da mai aski da tela. Ko gezau. Ya ce, "Ƙaramin abu ne wannan. Ku da ba ku san harkar ba ne hankalinku ke tashi. Minti biyu." Ya zaro baƙin katin, ya danna lambobinsa a waya yana fito da baki, ya ce, "An gama. Gobe za su ɗauki kuɗinsu. Inna, je ki huta."

A nan dai ya yi daidai, ban hana shi ba. Da ya bar abin haka da yanzu ba ku da labarin ji.

Washegari da rana yana wurin aiki, kamfanin waya suka zo ɗaukar kuɗinsu. Layi biyar, sau biyar ke nan, ɗaya bayan ɗaya cikin minti guda. Banki suka ga sabon kati ana ta cira a jere, suka tsayar, suka turo masa saƙo: ga wasu na neman kuɗi a katinka har sau biyar, kai ne ka sa su? Sunan da ya fito kuma ba sunan da ke jikin allon kamfanin ba ne, wasu haruffa ne a gajarce. Mai hankali zai tsaya ya ce, biyar, biyar, me nake da shi guda biyar? Ko kaza ta san yawan 'ya'yanta. Kawunku ya miƙe tsaye a tsakiyar shago ya yi ihu, "Ɓarayi!" Ya danna ba ni ba ne. Bai tsaya nan ba, ya kira banki ya ce su toshe waɗannan mutane har abada, su rufe katin, kuma su rubuta cewa shi da kansa ya gano su.

Da yamma ya shigo titin nan kamar wanda ya dawo daga yaƙi. A bencin mai aski ya ce ɓarayi biyar ne. Kafin ya iso ƙofar gida sun zama ƙungiya. Da ya zauna cin abinci sun koma 'yan ƙetaren teku masu injuna cike da ɗaki, kuma manajan banki da kansa ya ce bai taɓa ganin mai kaifin ido irinsa ba.

Tela ya leƙo ya ce, "To kuɗin wayarmu fa, an biya?"

"Malam Tela, ina maganar ɓarayin duniya kana maganar kuɗin waya? Wannan ai ta biya kanta tun da safe."

Har da ni na ce masa sannu. Na ƙara masa ƙwai biyu a abincinsa. Ƙwai biyun nan har yau suna ci mini rai.

Ranar Litinin da hantsi na ɗauki waya in kira mai kawo mini dusa. Sai wata mata ta amsa tana magana ba numfashi. Na ce, "Baiwar Allah, ba ni mai dusa." Ta ci gaba da zubarta. Na kashe na sake kira, ita ce dai. Na leƙa waje, ga mai aski a tsakiyar titi yana ɗaga wayarsa sama, ga tela yana bubbuga tasa a tafin hannu, ga matar Auta ta fito da tata tana kallonsu. Duk an rufe.

Auta ya dawo ya same mu a tsaye. Hancin nan ya buɗe har ana ganin cikinsa.

"Sabis ne," in ji shi. "Ana gyaran ƙarfen kamfani. Duk gari haka ne."

Mai aski ya ce, "Ga mai shagon can yana waya tun ɗazu."

"Nasa ƙarfen daban ne."

Abin da ya yi a kwana biyun nan matarsa ce ta ba ni labari daga baya. Ya shiga wayarsa zai gyara, aka ce an tura masa lambar sirri ta saƙo, ya saka. Saƙon kuwa layinsa aka tura wa, layin da aka rufe. Ya zauna yana kallon waya awa guda kamar mai jiran ƙwai ya ƙyanƙyashe. Ya ce to bari ya ciro kuɗi a injin banki ya je ya biya a ɓoye. Ya saka baƙin katin, injin ya haɗiye, don shi da bakinsa ya ce a rufe shi. Ya yi ta dukan injin har mai gadi ya riƙe masa igiyar wuya. Ya shiga ciki, aka ce asusun yana ƙarƙashin bincike saboda rahoton sata, sabon kati sai bayan kwana goma.

Ya ce, "To yaya zan san ya fito?"

Suka ce, "Za mu turo maka saƙo a waya."

Duk wannan bai sa ya zo ya ce Inna na yi kuskure ba. Laraba ta zo, ranar kiran mai burodi. Tun azahar na kasa zama. Na ce, "Auta, in mutumin nan ya kira bai same ni ba, ni da kai ne."

"Zai same ki. Matsalar ita ce gidan nan yana cikin kwari. Sabis a sama yake. Kawo wayar."

Ya jingina tsani a ɗakin kaji, ya hau rufin kwano da takalmin ofis, ya ɗaga wayata sama yana juyawa gabas da yamma. Maƙwabta suka fito kallo. Tela ya ce, "Injiniya, ka ƙara miƙewa, saura kaɗan ka taɓo shi!" Ya kuwa yi ɗage. Na ce, "Sauko, kwanon nan ya girme ka." Ya ce, "Inna, na ga sanda ɗaya ta fi..." Bai ƙarasa ba kwanon ya buɗe baki. Sai ƙara, sai ƙura, sai kaji ɗari biyu suka ɗauki ihu lokaci guda. Ya fito ta ƙofar da rarrafe, gashin kaza a kai, kashin kaza a kafaɗa, ruwan ƙwai na bin wandonsa. Wayata dai tana hannunsa a sama, wannan na yaba masa.

Mai aski ya ce, "Ka samo sabis ɗin?"

Ya ce, "Ai da ba ku yi ta surutu ba da na kama shi."

Yamma ta yi, waya shiru. Alhamis na tashi na jera kiret talatin a zaure, na zauna a bakin ƙofa. Motar burodi ba ta zo ba. Rana ta ɗaga, ba ta zo ba. Ƙwai kuwa ba dutse ba ne, ba ya jiran mutum ya gama shawara.

Shi kuma gogan naku, don ya nuna wa duniya babu abin da ya dame shi, sai ya tafi aski. Ya zauna a kujera, aka yafa masa ƙyalle, yana ba da labarin ɓarayin ƙetare karo na goma. Mai aski ya bi gefen dama da inji tas, tun daga goshi har ƙeya, ya kashe injin, ya rataye shi, ya koma benci ya zauna.

"Malam, ka ƙarasa mana."

"Na gama nawa."

"Ka gama kamar yaya? Rabi fa ka yi!"

"Sauran zai aske kansa da kansa. Kana barci, yana askewa."

A haka na same shi, rabin kai kamar ƙwai, rabi kamar tsintsiya, yana roƙo. Na riga na ɗaura mayafina, gwangwanina a hammata. Na ce, "Tashi. Malam mai aski, rufe shago. Malam Tela, ajiye allura. Ke ma matar Auta, ɗauko wayarki. Ofishin waya za mu, yanzu."

Ya ce, "Inna, a haka?"

"Da kai na haife ka, da shi za ka."

Matarsa ta ji tausayinsa ta miƙa masa wata hular sanyi, a wannan zafin. Ya tura kai ciki muka hau mota.

Ofishin cike yake, layi har waje, layin nan da yake leƙowa ta taga yana yi wa addu'a. Wata tsohuwa da muke haɗuwa duk wata ta gane shi, ta ce, "A'a, ɗan nan, kai ma ba a yaye maka ba?" Ya yi kamar bai ji ba, ya nufi gaba kai tsaye. Mai gadi ya sa hannu.

"Ina zuwa?"

"Ni babban kwastoma ne. Layi biyar gare ni."

"To ga na shida," in ji mai gadi, ya nuna masa ƙarshen layi.

Awa biyu muka yi a tsaye, gumi na fita ta ƙarƙashin hular sanyi. Da muka iso, wata yarinya ce a bayan gilashi, tana magana ta wani ɗan lasifika da ke kai muryarta har bakin ƙofa. Auta ya jingina da kantar da ke gabanta, ya gyara igiyar wuya.

"Ina son ganin manaja. Injinku ya lalace, ya rufe mana layi ba dalili. Zan iya kai ku ƙara."

"Katin shaida, Yallaɓai." Ta duba hoton, ta dube shi. "A cire hula, don Allah."

"Mura nake yi."

"Doka ce, Yallaɓai."

Ya cire. Na ji dariyar ta taso daga bayanmu kamar ruwa ya ɓalle. Wani ya ce, "Wannan askin ma wata-wata ake biyansa?" Yarinyar ta cije leɓe, ta danna injinta, ta fara karantowa, lasifika na rabawa kowa.

"Ranar talatin ga wata mun nemi kuɗi a tsohon kati, an ce an soke shi."

Tela ya ce, "Da almakashina."

"Mun tura saƙo. An saka sabon kati. Washegari mun nemi kuɗin layi biyar, banki ya ƙi. Dalili, mai katin ya kira da kansa ya ce ɓarayi ne, a toshe su har abada."

Auta ya ce, "Wannan wata magana ce daban. Waɗancan ɓarayin ƙetare ne, su biyar, ni na..."

"Ƙarfe ɗaya da minti goma na rana, Yallaɓai?"

Hancin nan ya sake buɗewa.

"Mu ne," in ji ta. "Ga su nan a jere. Na farko layin da ya ƙare da bakwai bakwai biyu."

Ban iya karatu ba, amma lambata ko a mafarki aka faɗe ta zan amsa. Na ce, "Nawa ne."

Mai aski ya matso yana ƙirga da yatsa. "Ashe Inna ce shugabar ƙungiya. Na biyu shi da kansa, ya kama kansa. Na uku matarsa. Ni ne na huɗu ke nan. Malam Tela, kai ne ƙaramin ɓarawo, kai ke riƙe mana tsani."

Tela ya ce, "Ni ban taɓa ganin teku ba, ashe a ƙetarensa nake zaune."

Mutane har da masu riƙe ciki. Mai gadi ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ni ban yi dariya ba. Na juya na dubi Auta tun daga rabin kansa har takalmin da ya fasa mini kwano.

"Ni ka kai ƙara banki? Wata tara na ɗauke ka, shekara biyu na goya ka, ka tashi ka rubuta sunana a littafin ɓarayi, har na ƙara maka ƙwai biyu a kan haka?"

"Inna, tsarin ne bai..."

"Rufe mini baki kafin in ƙarasa askin da hannuna."

Na buɗe gwangwani na biya nawa, har da tarar sake buɗewa. Na ce wa yarinyar, "'Yata, kwance layina daga jikin kowane kati da ke duniya, ki buga mini hatimi mai ƙarfi, wanda za a ji." Ta buga, tim. Tela da mai aski suka biya nasu suna faɗa masa abin da zai biyo baya in asusunsa ya buɗe. Matarsa ta biya nata da kuɗin da take ɓoyewa, ta bar nasa a rufe.

Ban bar gaban kantar ba wayata ta dawo. Na ce wa mai aski ya nemo mini mai burodi.

"Inna? Kina raye? Sau shida na kira jiya, wata mata ke ce mini an dakatar da ke. Na ɗauka kin sayar da kajin. Na riga na karɓa a wani wuri, kuma su har ƙofa suke kawo mini, ba sai na tura mota ba."

Na gyara tsayuwa. Na ce, "Shekara nawa kana fasa ƙwaina, ka taɓa samun ruɓaɓɓe?"

"Ban taɓa ba, Inna. Amma man mota ya yi tsada."

"In har ƙofa ne, ni ma za a kawo maka har ƙofa. Duk Alhamis kafin ka kunna wuta, ba ko sisin dako."

"Kin sayi mota ne?"

Na dubi Auta, yana ƙoƙarin mayar da hular sanyi. Na ce, "Na daɗe da ita. Shekara talatin ina zuba mata mai, yau za ta fara aiki."

A ranar ya fara. Kiret talatin, sawu uku a baro, daga nan har bayan tasha, da rabin kai, don mai aski bai ƙarasa masa ba sai da asusun ya buɗe. Mai burodi ya karɓi rabi a ranar don kunyata, sauran na karyar a kasuwa, mako na gaba ya dawo talatin ɗinsa. Duk inda baron ya bi sai an tambayi kawunku, "Yallaɓai, ba ta tura kanta da kanta?" Sunan ke nan da ya bi shi. Shi ya ce in canza masa, ban ma wahala ba, titi ya yi mini.

Kwanaki ya zo yana ce mini wai akwai wata sabuwar hanya da mai burodi zai riƙa biyana ba sai an ƙirga a hannu ba. Na miƙa hannu zan ɗauko muciya, kafin in juyo ya kai ƙofa.

To kun ji, kuma ba na son in ji shi a bakin kowa. Gobe Alhamis, da asuba zai zo, wanda ya ce masa Da-Kanta a gabana sai na saɓa masa. In na shiga ɗakin kaji kuwa, ba na jin abin da ake faɗa a zaure. Ke, miƙo mini gwangwanin can in sa a ƙarƙashin matashi. Ku tashi haka nan, kowa ya wanke ƙafa ya hau shimfiɗa, kuma wani ya kashe fitilar nan, don ba za ta kashe kanta ba.